Tallafin Abinci Da Kasuwannin Manoma A Amurka: Yadda Dala Guda Ke Ciyar Da Gida Biyu

Fiye da mutane miliyan 41 ne suka karɓi tallafin abinci daga gwamnatin tarayyar Amurka a kowane wata cikin shekarar kuɗi ta 2024, wato kusan mutum ɗaya daga cikin kowane mutum takwas na al'ummar ƙasar. Ƙididdigar Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar ta nuna cewa shirin, wanda aka fi sani da suna SNAP, ya laƙume kusan dala miliyan dubu 100, wato biliyan 100, a wannan shekara, kuma matsakaicin abin da ya shiga hannun kowane mutum ya kama kimanin dala 187 a wata.

Wanda ya canza wannan adadi zuwa naira zai ɗauka dukiya ce mai yawa. To amma idan aka raba shi bisa kwanakin wata, abin da ya rage wa mutum shi ne dala shida da 'yan kai a yini, ko kuma kimanin dala biyu a kan kowane cin abinci, a ƙasar da farashin kayan masarufi da kuɗin haya da na sufuri suke daidai da albashin mawadata. Da irin wannan kuɗin cefane ne miliyoyin magidanta, da tsofaffi, da naƙasassu, da ma'aikata masu ƙaramin albashi suke tunkarar kasuwa.

Batun da ya daɗe yana ɗaukar hankalin masana tattalin arziki da jami'an kiwon lafiya a ƙasar shi ne ko mai irin wannan ɗan kasafi zai iya cin ɗanyen ganye da 'ya'yan itatuwa kamar kowa, kuma ko zai iya sayen su kai tsaye daga hannun manomin da ya noma su. Tarihin shirin ya nuna cewa amsar ta rataya ne a kan yadda aka tsara hanyar da kuɗin ke bi daga baitulmali zuwa kasuwa, fiye da yadda ta rataya a kan tsimi da dabarar mai cefane.

Asalin Shirin

An fara gwada tallafin ne a watan Mayun 1939 a birnin Rochester na Jihar New York, a ƙarshen shekarun da tattalin arzikin Amurka ya yi mummunar karyewa. A wancan zamani ƙasar ta sami kanta cikin wani yanayi mai ban mamaki: amfanin gona ya yi kwantai a karkara har yana ruɓewa, mutanen birni kuwa suna bin layin neman abinci saboda rashin aikin yi. Sakataren Aikin Gona na lokacin, Henry Wallace, da jami'in da ya fara shugabantar shirin, Milo Perkins, suka nemi hanyar da za ta haɗa waɗannan matsaloli biyu su warware juna.

Dabarar da suka ɓullo da ita ta ƙunshi takardu masu launi biyu. Mabuƙaci zai sayi takardu masu ruwan lemo da kuɗinsa, waɗanda zai iya sayen kowane irin abinci da su. A kan kowace dala guda da ya kashe, sai a ba shi kyautar shuɗiyar takarda ta rabin dala, wadda ba ta sayen komai sai kayan da gwamnati ta bayyana cewa sun yi kwantai. An dakatar da shirin a 1943, bayan da Yaƙin Duniya na Biyu ya shanye rarar amfanin gona, ya kuma samar da ayyukan yi.

Shugaba John Kennedy ya farfaɗo da shi a matsayin gwaji a 1961, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta tabbatar da shi a 1964, kana ya game ƙasar baki ɗaya a 1974. Wata doka ta 1977 ta soke sharaɗin nan na cewa sai mutum ya fara biyan kuɗi kafin a ba shi takardun, domin an lura cewa sharaɗin yana hana waɗanda suka fi kowa talauci shiga. A 2008 aka sauya wa shirin suna zuwa SNAP. Har wa yau Ma'aikatar Aikin Gona ce ke riƙe da shi, kuma a cikin dokar aikin gona ake sabunta shi, abin da ke nuna cewa tun asali an gina shi ne domin mai ci da mai noma.

Yadda Ake Lissafin Kuɗin

Ana auna tallafin ne da wani jadawalin cimaka da ma'aikatar ta fara fitarwa a 1975, wanda ke ƙiyasta mafi ƙarancin kuɗin da iyali za su kashe su ci abinci mai gina jiki idan a gida suke girka komai. Daga wannan jadawali ake fitar da iyakar abin da za a iya ba kowane gida. A shekarar kuɗi ta 2025 iyakar ta kasance dala 292 a wata ga mutum guda, da dala 975 ga iyali mai mutum huɗu, a galibin jihohin ƙasar.

Sai dai ba kowa ke samun wannan iyaka ba. Doka ta ɗauka cewa kowane gida zai sa kashi 30 cikin ɗari na kuɗin shigarsa a abinci, bayan an cire wasu ɗawainiyoyi kamar wani ɓangare na kuɗin haya da na renon yara. Saboda haka akan ɗebe wannan kaso daga iyakar, a biya gidan abin da ya rage. Alal misali, iyali mai mutum huɗu da kuɗin shigarsu ya tsaya a dala 1,000 bayan cire-cire, za a ɗauka cewa za su kashe dala 300 daga aljihunsu, sai a ba su dala 675. Wannan ne ya sa hukuma ke kiran tallafin da sunan ciko. A aikace kuwa, gidaje da dama ba su da wannan dala 300 ɗin, domin haya da wutar lantarki da magani sun riga sun cinye ta, sai cikon ya zama shi ne uwar kuɗin cefane.

Akwai kuma ƙa'idoji kan abin da za a saya. Ana iya sayen hatsi, burodi, nama, kifi, madara, ƙwai, ganye da 'ya'yan itatuwa. An hana sayen barasa da taba da sabulu da sauran kayan da ba na ci ba, haka nan an hana sayen dafaffen abinci mai zafi, in ban da wasu keɓaɓɓun rukunin mutane a wasu jihohi. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun daga 1973 doka ta halatta sayen iri da dashen shuke-shuken da ke ba da abinci.

A 2021 ma'aikatar ta sake nazarin jadawalin, ta ƙara darajarsa da kimanin kashi 21 cikin ɗari. Wannan shi ne karo na farko tun 1975 da aka ƙara wa tallafin ƙarfin saye na haƙiƙa, domin a shekarun baya farashi kawai ake bi ana daidaita shi.

Abin Da Kuɗin Ke Iya Saya

Duk wanda kuɗin cefanensa ya gaza, abin da zai fara nema shi ne abin da zai cika ciki. Shinkafa, taliya, fulawa, man girki da sukari suna ba da ƙoshi mai yawa a kan kuɗi kaɗan, kuma suna daɗewa a ajiye. Alayyafo da tumatir da tuffa kuwa ba su riƙe ciki, kuma cikin 'yan kwanaki suke yaushi. Ga uwar da ke ƙirga kowane santi, sayen ganyen da yara za su iya ƙi, ko wanda zai lalace kafin a girka shi, hasara ce da ba za ta iya ɗauka ba. Ta haka ne ɗanyen kayan lambu ke zama abu na farko da ake sokewa daga jerin cefane.

Wani bincike da Ma'aikatar Aikin Gona ta fitar a 2021 ya nuna cewa kashi 88 cikin ɗari na masu karɓar tallafin sun ce suna fuskantar wani cikas wajen cin abinci mai gina jiki. Kashi 61 cikin ɗari sun ambaci tsadar irin wannan abinci, yayin da kashi 30 cikin ɗari suka ambaci rashin lokacin girki. Wannan batu na lokaci yana da muhimmanci, domin jadawalin da ake lissafi da shi ya ginu ne a kan zaton cewa akwai wanda zai jiƙa wake, ya yanka albasa, ya tsaya a kan tukunya. Matar da ke aiki a wuri biyu, tana hawa motar haya tsakaninsu, ba lallai ne ta sami wannan sukuni ba.

Sannan akwai matsalar ƙarshen wata. Sau ɗaya a wata ake zuba kuɗin, kuma ƙididdigar ma'aikatar ta nuna cewa kusan kashi huɗu cikin biyar na kuɗin kan ƙare cikin makonni biyu na farko. A makon ƙarshe gidaje da yawa sukan koma ga cibiyoyin rabon abinci na ƙungiyoyin agaji da wuraren ibada.

Domin jawo hankalin jama'a ga wannan hali, wasu 'yan siyasa sun gwada rayuwa a kan kuɗin tallafin na tsawon mako guda. A 2007 Gwamnan Jihar Oregon, Ted Kulongoski, da wasu 'yan Majalisar Wakilai huɗu, ciki har da Jim McGovern da Jo Ann Emerson, sun yi mako a kan dala 21, wadda ita ce matsakaicin tallafin a lokacin, wato dala guda ke nan a kan kowane cin abinci. Cory Booker ya yi irin wannan gwaji a 2012, lokacin yana magajin garin Newark. Masu suka sun ce mako guda ba ya nuna wahalar shekara, kuma gaskiya ne wanda ya san ranar da yunwarsa za ta ƙare ba ɗaya yake da wanda bai sani ba. Duk da haka gwajin ya sa manema labarai sun leƙa kwandon cefanen talaka.

Kasuwar Manoma

A Amurka, manyan kantuna ne ke riƙe da cinikin abinci, kuma a cikinsu ake kashe kimanin kashi 80 cikin ɗari na kuɗin SNAP. Kasuwar da manomi zai kawo kayansa da kansa ya baje, wadda a ƙasar Hausa ita ce kasuwa ta yau da kullum, a can ta kusan ɓacewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ta fara farfaɗowa ne bayan wata doka ta 1976 da ta ƙarfafa ciniki kai tsaye tsakanin manomi da mai saye. A 1994 ma'aikatar ta ƙirga irin waɗannan kasuwanni 1,755 a faɗin ƙasar, zuwa 2013 kuwa sun haura 8,000. Galibinsu sau ɗaya ko sau biyu suke ci a mako, a filin ajiye motoci ko dandalin gari, daga hantsi zuwa azahar.

Abin da ke jan ƙaramin manomi zuwa wannan kasuwa shi ne lissafi. Ƙididdigar ma'aikatar ta nuna cewa daga kowace dala da Ba'amurke ya kashe a abincin da aka noma a ƙasar a 2022, kimanin santi 15 ne ya koma gona. Sauran yana tafiya ne ga masu sarrafawa, da masu ɗaure kaya, da masu sufuri, da dillalai, da kantuna, da gidajen abinci. Manomin da ya sayar da kansa yana karɓar kuɗin gaba ɗaya, ko da yake shi ma zai cire kuɗin mai, da kuɗin rumfa, da ladan yinin da ya baro gona.

Game da farashi, babu hukunci guda. Nama da ƙwai da cuku sukan fi tsada a kasuwar manoma, domin ƙaramin mai kiwo ba ya iya gogayya da manyan kamfanoni. Kayan lambun da ke kan ganiyar kakarsu kuwa, irin su tumatir, kabewa, kabeji, ɗanyar masara da ganyaye, farashinsu kan yi daidai da na kanti, wani lokaci ma ya fi sauƙi, kuma da yake ba su yi doguwar tafiya ba sukan fi daɗewa a gida kafin su lalace.

Yadda Kati Ya Raba Talaka Da Kasuwa

A zamanin takardu, manomin da ya yi rajista yana iya karɓar takardar abinci kamar yadda zai karɓi tsabar kuɗi, ya kai banki a biya shi. Dokar garambawul ga harkar jin daɗin jama'a ta 1996 ta wajabta wa jihohi komawa ga kati mai kama da na banki, wanda ake kira EBT, kuma an kammala sauyin a 2004. Katin ya rage zamba da kuɗin buga takardu, ya kuma rage kunyar da mabuƙaci ke ji a gaban mai kanti. Sai dai yana buƙatar na'ura, na'urar kuma a wancan lokaci tana buƙatar lantarki da layin tarho, abubuwan da babu su a filin ajiye motoci.

Sakamakon haka, kuɗin tallafin da ake kashewa a kasuwannin manoma ya faɗo daga sama da dala miliyan 9 a 1993 zuwa ƙasa da dala miliyan 2 a 2007, a daidai lokacin da yawan kasuwannin ke ninkuwa. Babu wata doka da ta hana talaka zuwa kasuwa, amma hanyar biyan kuɗi ta rufe masa ƙofa. A cikin waɗannan shekaru ne kasuwar manoma ta yi suna a matsayin wurin masu hali.

Masu karatu a Nijeriya sun ga makamancin wannan a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi. Manyan shaguna a birane sun ci gaba da ciniki ta na'ura da tura kuɗi ta waya, amma a kasuwannin ƙauye, inda mai tumatir da mai akuya ba su da na'ura kuma sau da yawa babu sabis, ciniki ya tsaya, wasu suka karyar da kayansu ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu. A ƙasashen biyu, ƙaramin mai sayarwa ne ya fara ɗanɗana kuɗar sauyin da aka yi ba tare da an sa shi cikin lissafi ba.

Maganin da kasuwannin Amurka suka samo mai sauƙi ne. Hukumar kasuwa takan mallaki na'ura guda marar waya, ta ajiye ta a rumfa ɗaya. Mai saye zai je can ya faɗi adadin da yake so a cire daga katinsa, a ba shi sulallan katako ko takardu daidai da wannan adadi, ya zaga ya yi cefane da su a rumfunan manoma. Idan kasuwa ta tashi, manoma su mayar da sulallan, hukuma ta biya su. A 2012 Ma'aikatar Aikin Gona ta ware dala miliyan 4 domin samar wa kasuwanni irin waɗannan na'urori, kuma zuwa 2017 cinikin ya haura dala miliyan 22.

Ninka Kuɗin Mai Saye

Buɗe ƙofa abu ɗaya ne, samun abin shiga da shi kuma wani abu ne dabam. Tun a 1986 Kwamishinan Aikin Gona na Jihar Massachusetts, Gus Schumacher, ya fara raba wa mata masu ƙaramin ƙarfi takardun sayen kayan lambu a kasuwannin manoma. Majalisar Dokoki ta mayar da wannan dabara ta ƙasa baki ɗaya a 1992, ƙarƙashin shirin WIC mai kula da mata masu juna biyu da masu shayarwa da ƙananan yara, sannan a 2001 aka ƙirƙiro irinsa domin tsofaffi 'yan shekara 60 zuwa sama. Amma kuɗin ba su taka kara sun karya ba: kason gwamnatin tarayya yana tsakanin dala 10 da 30 a shekara ga kowane mai cin gajiyar WIC, da dala 20 zuwa 50 ga tsoho.

Babban sauyi ya zo ne da dabarar ƙara wa mai katin SNAP kuɗi a duk lokacin da ya yi cefane a kasuwar manoma. Birnin New York ya soma a 2005 da wata takarda ta dala biyu mai suna Health Bucks, wadda daga baya aka riƙa ba duk wanda ya kashe dala biyar daga katinsa. A 2007 Schumacher da wani shahararren mai girki, Michel Nischan, suka kafa ƙungiyar Wholesome Wave domin yaɗa dabarar. A 2009 kuma ƙungiyar Fair Food Network ta ƙaddamar da shirin Double Up Food Bucks a kasuwanni biyar na birnin Detroit, inda kowace dala da aka cire daga kati take jawo wata dala kyauta, da sharaɗin a sayi kayan lambu ko 'ya'yan itatuwan da aka noma a Jihar Michigan. Shirin ya bazu zuwa jihohi da dama, kuma a wurare da yawa iyakar kyautar tana tsakanin dala 10 da dala 20 a rana. Wanda ya dubi wannan tsari zai ga cewa shuɗiyar takardar 1939 ce ta dawo cikin sabuwar riga.

Kafin gwamnatin tarayya ta zuba kuɗi sai da ta yi gwaji. Daga 2011 zuwa 2012, a gundumar Hampden ta Jihar Massachusetts, an zaɓi wasu gidaje ta hanyar ƙuri'a aka riƙa mayar musu da santi 30 a kan kowace dala da suka kashe a ganye da 'ya'yan itatuwa, aka kwatanta su da gidajen da ba a ba su ba. An tarar cewa waɗanda suka sami rangwamen sun ci irin waɗannan kaya fiye da sauran da kashi 26 cikin ɗari. Darasin da masana suka ɗauka shi ne cewa farashi ne babban shinge, kuma idan aka sassauta shi mutane suna sauya abin da suke ci ba tare da an yi musu dogon wa'azi ba.

Bisa wannan hujja, dokar aikin gona ta 2014 ta ware dala miliyan 100 domin irin waɗannan shirye-shirye, ta 2018 kuma ta ɗaga adadin zuwa dala miliyan 250 cikin shekaru biyar, ta sa wa asusun sunan Schumacher, wanda ya rasu a 2017.

Lissafin Mai Cefane

Ga iyalin da ke karɓar dala 675 a wata, kamar a misalin da aka bayar a baya, amfanin wannan tsari a fili yake. Idan suka cire dala 20 daga kati a kowace Asabar a kasuwar da ke ninkawa har zuwa wannan adadi, za su kashe dala 80 a wata su kwashi kayan dala 160. Wannan ƙarin dala 80 ya haura kashi 11 cikin ɗari na dukkan tallafinsu, kuma gaba ɗayansa yana shiga aljihun manoman yankin.

Masu ba da shawara kan tattalin gida sukan ce a raba cefane gida biyu. Shinkafa, busasshen wake, taliya, man girki, madara da kifin gwangwani a saye su a babban kanti, inda sari ya sa suka fi araha. Kayan lambu kuwa a bari sai kasuwar manoma, a kuma bi kaka, domin abin da ya cika kasuwa a wannan mako shi ne mai sauƙi. Kabeji, karas, albasa, dankali da kabewa sun fi dacewa da mai ƙaramin kasafi saboda suna kai wa ƙarshen wata. Wasu manoma sukan ware tumatir ko tuffa masu tabo su sayar da rangwame, wasu kuma sukan sassauta farashi gab da tashin kasuwa maimakon su koma gida da kaya. Wanda ke da firiji mai daskarewa yana iya sayen tumatir da yawa a lokacin arha, ya dafa, ya adana domin hunturu. Wanda ke da ɗan fili ko da tukwane ne a bakin taga, dashen tumatir ko tattasai na 'yan daloli zai iya ba shi amfani na tsawon watanni.

Duk waɗannan dabaru suna da sharaɗi. Suna buƙatar murhu, da wurin ajiya, da lokaci, da abin hawa. Mutumin da ke kwana a ɗakin haya marar wurin girki, ko tsohuwar da ba ta iya ɗaukar kaya ta hau motar haya biyu, ba za su amfana da su kamar sauran ba.

Inda Gizo Ke Saƙa

Duk da ci gaban da aka samu, kason kasuwannin manoma a cikin shirin bai kai cikin cokali ba. Dala miliyan 22 ta 2017, idan aka gwada ta da sama da dala miliyan dubu 60 da aka raba a wannan shekara, ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Dalilan suna da yawa. Kasuwa tana ci ne sa'o'i kaɗan a mako, sau da yawa a lokacin da mai aikin kwana ko mai aikin Asabar ba shi da sarari. A jihohin arewa da dusar ƙanƙara ke rufewa, kasuwanni da yawa sukan tashi daga ƙarshen kaka har zuwa bazara. Ba kowace unguwar talakawa ke da kasuwa a kusa ba, kuma masu kati da dama ba su ma san ana ninka kuɗi ba.

Shi kansa tsarin ba shi da ƙarfi sosai. A 2018 wani kamfani guda da ke sarrafa cinikin kati na kimanin kasuwanni 1,700 ya ba da sanarwar zai rufe, sai da aka yi gaggawar tallafa masa kafin a kauce wa tsayawar ciniki ana tsakiyar kaka. Kuɗin ninkawa kuma sun dogara ne ga kasafin shekara-shekara da gudummawar masu hannu da shuni. Jihar Massachusetts, wadda ta kafa nata shirin a 2017 tana mayar wa gidaje dala 40 zuwa 80 a wata gwargwadon yawansu, ta rage adadin zuwa dala 20 a Disambar 2024 saboda ƙarancin kuɗi, kafin a sake ɗaga shi a 2025. Manomin da ya faɗaɗa shukarsa bisa zaton waɗannan masu saye za su zo, shi ma yana cikin waɗanda irin wannan ragi ke shafa.

Shi ma uban shirin ya shiga wani sabon yanayi. Dokar haraji da kashe kuɗi da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta rage kuɗin SNAP da kimanin dala miliyan dubu 186 cikin shekaru goma, bisa ƙiyasin Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisa. Dokar ta faɗaɗa sharaɗin yin aiki har zuwa masu shekara 64, ta ɗora wa jihohi ƙarin nauyin kuɗin gudanarwa, ta kawo ƙarshen kuɗin sashen da ke koyar da girki da tattalin cefane, ta kuma hana sake ƙara darajar jadawalin cimaka fiye da tashin farashi. Magoya bayanta sun ce za ta rage ɓarna ta kuma ƙarfafa neman aiki, masu adawa kuwa sun ce za ta fitar da miliyoyin mutane daga shirin. A Nuwamban wannan shekara kuma, tsayawar ayyukan gwamnatin tarayya na kwana 43 ta jinkirta biyan tallafin a jihohi da dama.

Wannan ya shafi kasuwar manoma kai tsaye, domin ninkawa tana aiki ne a kan abin da ke cikin kati, kuma wanda aka cire daga shirin ba shi da abin da za a ninka masa. Ya kuma shafi tattalin arziki gaba ɗaya. Sashen bincike na Ma'aikatar Aikin Gona ya ƙiyasta a 2019 cewa a lokacin da tattalin arziki ya yi sanyi, kowace dala guda ta ƙarin tallafin SNAP tana haɓaka arzikin ƙasa da kimanin dala 1.54, saboda mabuƙaci ba ya ajiye ta, nan take yake kai ta kasuwa.

Abin da shekaru fiye da tamanin na wannan shiri suka nuna shi ne cewa yawan kuɗin tallafi rabin magana ne. Sauran rabin yana ga wanda aka ba izinin karɓarsa, da na'urar da ke hannunsa, da ranar da kasuwa ke ci, da nisan da ke tsakaninta da gidan mai saye. Inda aka kula da waɗannan, dalar da ta fito daga baitulmali takan sa ganye a tukunyar talakan birni, ta kuma biya ƙaramin manomi kuɗin iri da taki na baɗi. Inda aka yi sakaci da su kuwa, kamar yadda aka gani tsakanin 1993 da 2007, kuɗin kan bi hanyar da ta fi sauƙi zuwa manyan kantuna, manomin da ke bayan gari ya koma gida da kayansa.